Marleny da Lakar La Cuchilla

Ranar da Marleny ta je sayen taya, gajimare ya sauko ya kwanta a kan gonakin kofi, har mutum ba ya hangen ƙarshen shingensa. Ba ruwan kirki ake yi ba, yayyafi ne mai shiga kaya a hankali. Asabar ce, farkon damina. Ban manta ba, domin ni na riƙo mata lakar.

Marleny Ocampo 'yar ƙanena ce, marigayi Arcesio. Shi ya yi shekaru yana jan motar jif tsakanin garin Santa Rita da unguwarmu ta La Cuchilla, inda hanya ta ƙare sai dutse. Ni kuwa alfadarai na kora har gwiwoyina suka gaji. Da Arcesio ya rasu, jif ya bari da 'ya ɗaya. Tuƙi tun tana ƙarama ta iya shi, a cinyar uban ta koya, amma da tsinkar kofi take cin abinci, kamar sauran matanmu.

A ƙungiyar direbobin Santa Rita kowa da layinsa, kuma layi ba a gadonsa. Suka zauna suka ce za su bar mata na ubanta damina ɗaya su gani. In ta iya hawa a lokacin tsinka, ya zama nata. In kofi ya kwana a sama don mota ta kasa zuwa, za a ba Wilmar, mai jan layin bakin kogi. Ba mugunta suka yi mata ba. Kofin da aka wanke, in bai sauka wurin busarwa da wuri ba, tsami yake yi, wahalar shekara ta tafi a banza. Shi kuma Wilmar ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa iyakarsa gada, daga nan mu san yadda za mu sauko masa da kaya.

Tayoyin da Arcesio ya bari sun suɗe kamar tafin hannu. Kuɗin da ke hannun yarinyar na saye ɗaya ne, in ta yi kuskure shi ke nan. Ga shi jif ɗin ba dutse kaɗai yake hawa ba. Rabin yininsa a kwalta yake yi. Da safe ya kai 'yan makaranta, da hantsi ya kai ayaba babban gari, ya dawo da taki da shinkafa.

Da sassafe ta tsaya a ƙofata da fartanya a kafaɗa.

"Baffa, yanko ganyen ayaba ka biyo ni."

Muka gangara zuwa Gwiwar Alfadari, wato kwanar da hanya take juyawa kuma take miƙewa sama a lokaci guda. Nan ta sari jar laka ta dunƙule, ta naɗe a ganyen ta miƙo mini.

Na ce, "Tukunya za ki gina?"

"Taya zan saya."

"Da laka ake biya yanzu?"

"Kai dai riƙe, kada ta bushe."

Shagon Don Gildardo mai sayar da taya yana kallon tasha. A bakinsa direbobi suke zama kan tsofaffin tayoyi suna shan kofi kafin layi ya zo kansu. Da suka gan mu da ƙunshi sai Wilmar ya ce mini, "Don Evelio, abin karyawa ka kawo mana?"

"Naka ne kai kaɗai," na ce, na buɗe masa. Aka yi dariya.

Don Gildardo ya mirgino taya iri uku ya jingina da bango. Ta farko mai ƙananan zane ce, ta kwalta, ba ta ƙara, ba ta cin mai. Ta biyu ƙatuwa ce mai faɗi, haƙoranta kamar na kada, irin wadda Wilmar ya sa wa motarsa. Ta uku siririya ce, haƙoran tsaka-tsaki, ba abin da zai sa mutum ya waiga ya kalle ta.

"'Yata," in ji Don Gildardo, "ubanki bai taɓa wuce minti biyar a nan ba. Nunawa yake da baki in ɗaura."

"Shi ya haddace hanyar, Don Gildardo. Ni yanzu nake koyo."

Sai ta durƙusa ta naɗe hannun riga. Duk matar da ta yi tsinka a gangarenmu ta san yadda ake zaɓen takalmin ruwa. Kafin ta biya sai ta taka laka da shi, ta buga ƙafa a kan dutse. In lakar ta zube, takalmi ne. In ta maƙale, ƙasansa ya zama sumul, da kwandon kofi a ƙugu za ta tafi da gindi har rafi. Abin da Marleny ta yi wa tayoyin ke nan. Ta cusa laka a zanen kowace da babban yatsa, ta ɗaga ta saki a kan siminti.

Ta kwaltar ta riƙe lakarta tsaf, ko ɓarɓashi bai faɗo ba. Ƙatuwar ta zubar da komai tun bugun farko.

Wilmar ya ce, "To kin gani da idonki. Saya ki huta, ƙanwata."

Ta ce, "Ina jin motarka tun daga gada in ka hau kwalta. Kamar an taɓo gidan zuma."

"Ai namiji da murya aka san shi."

"In ka taka birki a jiƙaƙƙiyar kwalta fa?"

Ya sosa ƙeya. "Takan ɗan yi rawa."

"Kai yashi kake ɗauka, ta yi rawar da shi. Ni 'ya'yan mutane ne a bayana."

Siririyar ta zubar da mafi yawan lakar, ta bar kaɗan a tsakiya. Marleny ta daɗe tana kallonta. Can ta juyo gare ni.

"Baffa, shimfiɗar dutsen da kuke bi da alfadarai tana nan a ƙarƙashin lakar Gwiwa?"

Na ce tana nan, ba wanda ya tone ta, ƙasa ce kawai ta rufe. Na gwada mata zurfin da hannuna, daga yatsa zuwa wuyan hannu. A kan wannan dutsen na yi ƙuruciyata, da duhu ma ina iya binsa. Rabon da a tambaye ni labarinsa har na manta.

Ta ce, "Mai faɗi a saman laka za ta yi ta iyo. Wannan za ta yanka ta taɓa dutse. Ɗaura min ita, Don Gildardo."

Direbobi suka sa wa tayoyin suna tayar keke. Duk inda ta faka sai wani ya tambaye ta ina ta bar ƙararrawar. Sai dai ta yi murmushi ta kulle mota.

Farkon damina ba a sha wuya ba. Da tsinka ta kankama ne aka yi ruwa mai yawa, kwana da kwanaki, har rafi ya rine ja. A wata Laraba kofin gidaje da dama yana jiƙe a buhuna a sama, yana jiran mota. Na sauka gari karɓo maganin gwiwa, don haka ina ciki da muka juyo, mu da 'yan tsinka da Doña Ofelia mai dafa musu abinci, mace mai jiki, da tukwanenta.

A Gwiwar Alfadari jif ya hau rabi ya tsaya. Tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa laka, motar ta fara zamewa gefe, wajen rami. Marleny ta taka birki, ta sake shi a hankali ta koma da baya har gindin kwanar.

Ta fita cikin ruwan, ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya tana rage musu iska da tsinke, tana danna su da ƙafa. 'Yan tsinka suka fara sauka don su rage nauyi.

Ta ce, "Ina za ku? Nauyinku nake so. Duk ku koma baya, ku hau ƙarfe ku riƙe da kyau. Doña Ofelia, ke ce a tsakiya."

"Ni? Yau kuma ƙibata ta yi rana?"

"Ke ce maganin, Inna. Ki tsaya daidai kan taya."

"Shekara nawa mijina yana cewa in rage. Bari in je in gaya masa."

Haka ake yi a wurinmu tun zamanin ubanta, mota in ta kasa hawa ba a sauka, baya ake komawa. Suka jeru a ƙarfen baya suna riƙe da juna, har gaban jif ya ɗan ɗaga. Ni ta ce in zauna inda nake, wai ban kai nauyin kaza ba.

Ta sa giya ta ƙasa, ba ta ba shi wuta da yawa ba. Jif ya shiga lakar yana nishi. A daidai inda ya tsaya ɗazu tayoyin suka juya a banza, suka nutse, sai na ji ƙarar roba a kan dutse ta ƙarƙashin kujera. Motar ta yi gaba taku ɗaya, ta ƙara wani. Doña Ofelia tana kiran sunayen waliyyai a baya, har da waɗanda ban taɓa ji ba. A haka muka juya kwanar.

Kafin la'asar ta sauke kofin duka, sawu bayan sawu. A daminar nan ta sha yin irin wannan, wani lokaci har da sarƙa a taya, amma buhu ko ɗaya bai kwana a sama don rashin mota ba. Da ruwa ya ɗauke, shugaban ƙungiya ya same ta a tasha tana wanke mota, ya ce mata layin nata ne, ba sai an sake zama ba. Wilmar ya sayo mata ruwan mazarƙwaila da cuku, ya ce shi dama bai so hawan nan ba, ɓata masa fenti zai yi.

Da ta zo ta gaya mini, ina zaune ina gyaran kwando. Na ce mata madalla, na ci gaba da gyarana.

Yanzu Marleny ta fara furfura. Tana zaune a gidan ubanta a La Cuchilla da mijinta da 'ya'ya biyu, kuma har yau ita ke jan layinmu, kullum ban da Lahadi.