Hayaƙin Awadiyya a Kan Tekun Khawaga

Awadiyya Bahaushiya ce ta Maiwurno, garin nan na bakin kogi a Sudan inda kakanninta suka yada zango a hanyar hajji, zaman da ba su tashi ba ke nan. Da mijinta ya rasu ta ɗauko 'yarta Sulafa suka sauka Alƙahira, suka kama ɗaki a Arba wa Nus. A unguwar ba sai an yi maka kwatancen gidanta ba, hancinka ma ya isa ya kai ka. Ita ke haɗa turaren wuta na amare da na masu jego, da sandal da itacen ɗalha mai hayaƙi rawaya. A wurinta gidan da ba a turara ba kango ne, kuma ba ta jin nauyin faɗa wa masu gidan.

Turare dai bai riƙe tukunya ba, shi ya sa ta kama aikatau a unguwar Masar Jadida, gidan wani tsoho ɗan Italiya mai zane, Otaviyo, wanda kowa ke kira Khawaga, yadda Misirawa ke kiran Bature. Tun yana saurayi ya baro wani ƙauyen masunta kudu da Napoli. Ya daɗe a Iskandariyya yana zana jirage da gaɓar teku, ya zana gonakin Fayyum da dabinon Aswan, masu otal suna saya. Matarsa ta mutu, bai haihu ba. Da tsufa ya kama shi sai ya watsar da komai, ya koma zana teku guda tak, na garinsu.

"Ruwa dai ruwa ne, ya Khawaga," in ji Awadiyya da Larabcinta na Sudan. Ya yi dariya ya ce ta zo ta duba shuɗi iri nawa ke cikin ruwan nan. Ta ce ita wanke-wanke na jiran ta.

A sanyin 2013 yanar ido ta fara rufe masa gani. Lokacin yana kan wani ƙaton zane da ya ce shi ne na ƙarshe, za a kai garinsu a rataye. Ya gama shi da ƙyar ana gobe aikin ido, fentin ɗanye sharkaf, don fentin mai yakan yi makonni bai bushe ba. Yana fita ya ce mata, "Likita ya ce mai yana komai rawaya yake gani. In na dawo zan san ko har yanzu ni mai zane ne."

Aka riƙe shi kwanaki a asibiti saboda ciwon sukari. To a Maiwurno ba a maido majinyaci gidan da bai sha hayaƙi ba, abin kunya ne. Awadiyya ta ɗebo turarenta mafi tsada, wanda ko amarya sai ta roƙa. Ta rufe tagogi, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta ajiye kasko a tsakiyar ɗakin zane, tunda nan bawan Allah yake yini. Safe da yamma tana ƙara garwashi ta jawo ƙofa, tana jin kanta wata gwana.

Ranar da zai dawo ta buɗe tagogi, haske ya faɗa kan zanen. Inna lillahi! Farin kumfar tekun ya koma launin tsohon haƙori, shuɗin ya dagule kamar jiƙon tsamiya. Hayaƙin ya manne a ɗanyen fenti. Ta tsaya riƙe da kasko ta rasa inda za ta sa kanta.

Khawaga ya shigo, ya ja numfashi, ya ce gida ya yi ƙamshi, har da godiya. Ya wuce ɗakin ya tsaya gaban zanen, ya daɗe. Sai ya juyo wani tsohon zanensa da ke jingine fuska ga bango, ya gan shi shuɗi fes, alamar ido ya gyaru.

"Ashe wannan nake ta shafawa ina cewa teku ne?" Ya waiwayo. "Sitt Awadiyya, ke idonki lafiya yake. Tun da can haka kika gan shi?"

Kai, kunya muguwar aba ce. Matar da ba ta taɓa tauna magana ba, sai ga harshe ya yi nauyi. Ta dubi ƙasa ta ce, "Haka yake, ya Khawaga."

Da ta koma gida ko ruwa ta kasa sha. Sulafa ta tsare ta har ta faɗi abin da ya faru. "Haba Inna! Ki bar tsoho ya ɗauka makanta ce ta ci aikinsa? Gobe da sassafe ki faɗa masa, khalas, magana ta ƙare."

Washegari ta shiga motar farko. Ta tarar da shi zaune, wuƙar kankare fenti a hannu. Ƙyallen zanen ya koma fili, tekun duk ya taru tsibi a kan tsohuwar jarida. Burusansa ya ɗaure su da zare ya ajiye gefe.

Ta durƙusa ta faɗi komai, tagogi da tsumma da garwashi. Ya ɗago ya dube ta.

"Ke nan shuɗi na zana?"

"Shuɗi ne, wallahi. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Ya dubi tsibin fentin da ke kan jarida. A hankali ya ce, "Ai jiya na tambaye ki."

Bai kore ta ba, kuma da ya kore ta da ya fi mata sauƙi. Ya kwance burusan ya kafa sabon ƙyalle, amma hannu ya riga ya fara rawa. Kullum ta kawo masa shayi sai ta ajiye ta fita ba ta ɗaga kai ba. Ya rasu a 2015 ya gama sama da duwatsu da kwale-kwalen masunta, bai kai ga ruwan ba. Ita ta naɗe zanen da hannunta aka aika garinsu, wurin tekun fari fat.