Juma'ar da Gidaɗo Bai Yi Fito Ba

Gidaɗo ɗan Wali, ɗan Maikano, ɗan Sabo na Kausani, mai fito ne a kogin Wudil, kamar yadda ubansa da kakansa suka kasance. Bai taɓa zama a aji ba, amma babu wani gurbi ko tudun yashi a kogin nan da bai sani ba. An kuma san gidansu da saukar baƙi, domin tun zamanin Maikano baƙo bai taɓa barin zaurensu ba sai ya kwana uku.

A kakar shekarar 1954, wani akawun kamfanin gyaɗa daga Kano, Malam Ƙasimu, ya sauka wurinsa ranar Alhamis. Likita ne ya umarce shi da hutu, saboda aiki ya ramar da shi har hannunsa yana rawa. Sai dai ya zo da takarda a aljihu, ya jera abin da zai gani: kasuwar shanu, tsofaffin unguwanni, masu ginin tukwane. Ya ce gobe zai kammala, ya bi motar yamma ya koma.

Gidaɗo bai musa ba. Juma'a kuwa ita ce ranar kasuwa, ranar da fiton yini guda ke ciyar da gidansa mako. Da gari ya waye, sai ya bar wa sauran masu fito 'yan kasuwa, ya sa baƙonsa shi kaɗai a jirgi. Matarsa Lubabatu ta tambaye shi ko a kogi za su ɗebo tuwon makon nan. Ya ce ita dai ta gasa kifi.

Ya tura jirgin nesa da hayaniya, ya ɗaure shi gindin wata tsamiya. Ƙasimu ya duba agogo, ya sake dubawa, ya kawo maganar kasuwa.

"Malam, shanun nan kowace Juma'a suna dawowa," in ji Gidaɗo. "Cire takalmi ka sa ƙafa a ruwa."

Ya shiga ba shi labarin garin a hankali: mashigar da fatake ke bi a da, da shekarar da kogi ya cika har ya taɓa gonaki. Kafin ya kai ƙarshe barci ya kwashe akawu, sai da lokacin masallaci ya gabato aka tashe shi. Motar yamma ta tafi ba da shi ba. Kwana tara ya yi a Wudil, ya ga tukwane, ya ga kasuwar Juma'a ta gaba, hannunsa kuma ya daina rawa.

Ranar tafiya Lubabatu ta faɗa wa baƙon cewa kunu mutanen gidan suka sha dare biyu a makon nan. Kunya ta kama Ƙasimu, ya tambayi mai masaukinsa dalilin da ya sa ya bar fiton ranar kasuwa saboda shi.

Gidaɗo ya ce, "Da na bar ka ka bi takardarka, da ka koma Kano da gajiyarka, ka ce Wudil kasuwar shanu ce kawai. Ni kuma a nan aka haifi kakana."