Kan Bel ɗin Kakan ToVarpin

A Kokopo, duk wanda fartanyarsa ta tono maɓallin tagulla a gonar kwakwa, gidan ToVarpin yake nufa. Tsohon malamin makarantar mishan ne, kuma wani Fada Bajamushe ne ya koya masa sanin kayan soja, tun zamanin da ake duba farcen ɗalibai kafin a shiga aji. Kallo ɗaya yake yi wa maɓalli ya ce wannan mai anka na sojan ruwa ne, wancan kuwa na jabu ne, ƙirar jiya. Ƙa'idarsa ɗaya ce, bai taɓa sassauta wa kowa ba: abin da ba a ga kambin sarkin Jamus a jikinsa ba, ba shi da shaida.

Shekara shida Mista Dunstan, wani mai tara irin waɗannan kaya, yana zuwa daga Ostareliya yana zama a barandarsa da littafin rubutu. A nan ya koyi kome. Littafi zai wallafa, kowane abu da hotonsa da sunan mai shi.

Abin da ToVarpin yake so ke nan. Kakansa ToLuana ɗan ƙasa ne da ya yi wa Jamusawa aikin ɗan sanda, ya faɗi a yaƙin Bitapaka a 1914. Turawan da suka mutu a ranar an san sunayensu. ToLuana kuwa ko kabari ba shi da shi; kan bel ɗinsa kawai wani abokinsa ya kawo gida. Layi ɗaya ToVarpin yake nema a littafin, a dai ce mutumin ya taɓa rayuwa.

Kowace Asabar akan goge kan bel ɗin da lemun tsami da tokar dutse mai aman wuta, domin 'yan mishan sun koyar cewa barin tagulla ta yi kore aikin malalata ne. Kakarsa ta goge, mahaifiyarsa ta goge, sannan matarsa IaMadi ta gaji aikin daga hannunsu.

Ranar da Dunstan zai ɗauki hotunan ƙarshe, IaMadi ta fito da kan bel ɗin a faranti, yana sheƙi.

"Ga surukina nan," in ji ta, bakinta ja da taunar buai, goron ƙasarsu. "Ya fi maigidan nan tsabta, shi sai an yi faɗa yake wanka."

Dunstan ya yi dariya, ya duba shi da gilashinsa mai ƙara girman abu, ya juya gaba, ya juya baya. Dariyar ta tsaya.

"Baba, ina kambin?"

"Yana nan. Sa yatsa a tsakiya, za ka ji tudunsa."

"Ban ji kome ba. Sumul yake kamar bayan cokali."

"Ina yaro na gan shi da idona. Har da rubutun da ya kewaye shi."

"Na yarda da kai, Baba. Amma wa ya koya mini cewa abin da ba kambi ba shi da shaida?"

IaMadi ta ajiye farantin da ƙarfi. "Wato da mun jefar da shi a bola ya yi tsatsa, da ka karɓa?"

"Da na karɓa, Mama," in ji Dunstan a hankali.

ToVarpin bai roƙe shi ba. Ya yi wa mutane da yawa wannan hukunci a kan wannan baranda, wasunsu sun tafi da hawaye.

Littafin ya iso bayan shekara guda. A shafi na arba'in da biyu akwai wani kan bel da alade ya tono a bayan coci, kore shar, kambinsa raɗau, ba a san mai shi ba. ToVarpin ya karanta littafin daga farko har ƙarshe, ya gyara kuskure uku da fensir, ya rufe.

Da Asabar ta zagayo, IaMadi ta tsaya a bakin ƙofa da rabin lemun tsami a hannu.

"Tsoho, in bari?"

"Me ya rage da za ki lalata?" ya ce. "Goge shi."