Jajayen Idanun Kawu

Ƙanen mahaifiyata direba ne, tsohuwar fijo yake ja daga Ƙaura zuwa Shinkafi, ranar kasuwa kuma ya leƙa Zurmi. Mutum ne mai barkwanci, ko kuka kake sai ya sa ka dariya.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a idanunsa suka kaɗa suka yi jajir. Idan ya fito daga mota sai jiri ya ɗebe shi, ya dafa ƙofa. Ai kuwa mutanen tasha ba su ɓata lokaci ba: wai Kawu ya fara shan giya a ɓoye. Mutumin da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba! Fasinjoji suka riƙa zamewa zuwa wata mota, wasu har suna lissafa masa bulala tamanin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi ko dariya yake yi, amma na lura ya daina zama a majalisa bayan La'asar.

Ana haka matar maƙwabcinmu ta haihu a asibiti, aka ce sai an ƙara mata jini. Kawu ya kai mu a motarsa, ya riga kowa miƙa hannu. Mai awon jini ya gwada, ya ɗaure fuska, ya sake gwadawa, sannan ya kira likita.

Likita ya ce jinin Kawu ya yi yawa, ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, shi ke kawo jirin da jan idon. Ciwo ne mai ɓuya, in an bar shi yana iya shanye rabin jiki. Ya tura shi Gusau a ƙara bincike, ya ce za a riƙa rage masa jinin lokaci-lokaci.

Kawu ya ce, "Likita, zo tasha ka hwaɗi haka da ƙarhi!"

Bai ma buƙaci likitan ba, maƙwabcinmu ya baza labarin kafin Magariba.

Da muka koma gida muna ta shewa, sai kakata, mahaifiyar Kawu, ta matso kusa da shi. Ta kama hannunsa, hawaye na zuba.

"Ɗana, ka yahe mini. Ni ma sai da nis sunsuni bakinka kana barcin rana."