Zarto da Man Shanuna

Jama'a, yau na ci alminiyam a tuwo!

Maigidan ne ya kawo kafinta ya sa mana tagar alminiyam a kicin. Mutumin bai zo da abin yankan ƙarfe ba, sai zarton katako. Ƙarar ta ishe ni, na bar masa wurin.

Da rana na zuba tuwo, na sa man shanun da ƙanwata ta aiko daga Randagi. Ina kai loma na ji ƙaras! Na duba, miya sai ƙyalli take!

Na fita da kwanon wajen kafintan na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ko a jikinsa ya ce, "Au, Hajiya, zarton ne ke cijewa. Shi ne nake lakatar manki ina shafa masa."

Na ce, "Da me kake lakata?"

Ya ɗago yatsa baƙi ƙirin, ga tsumma ɗaure a kan ciwo! Wai, "Kar ki damu, na shafe saman sumul yadda na same shi."

Ina kakarin amai, shi kuwa yana tambaya ko akwai sauran tuwo!