Irin Kabewar Baba

Bayan Inna ta fita takaba ta zo wurina Agege, a Legas, da ƙullin kaya ɗaya da kabewa guda. Tun daga ƙauyenmu a kan cinya ta riƙo ta, ta hana a sa mata a but ɗin mota. Da na tarye ta a tasha, babban abin da ya dame ni shi ne kada 'yan layinmu su ga uwata rungume da kabewa kamar jaririya. Halina ke nan a lokacin.

Muna isa gida ta ce, "Ta bayan ɗakin Babanku ce, shi ya shuka da hannunsa. Sauran duk sun tafi a miyar sadakar arba'in. In an fasa, ki ware min 'ya'yan, zan koma da su in yi iri."

Na ce, "To, Inna," idona na kan waya.

Lokacin nan ciwon kek ne ya kama ni. Maƙwabciyata, wata Bayarabiya mai yin kek na sayarwa, ta taɓa tsokanata wai mu Hausawa daga masa sai ƙosai. Wasa take yi, amma maganar ta tsaya min a wuya. Sai ga shi na ga wata a waya tana yin ƙananan kek na kabewa da cakulan. Na ci alwashin sai na yi.

Ranar da Inna ta tafi Alaba Rago gaida ƙanwarta, na ɗauko wuƙa. Na dafa kabewar, na dame ta, na kwaɓa da fulawa da ƙwai da bota da sukari da garin cakulan. Ba ni da oben, sai na zuba yashi a tukunya na jera gwangwanayen madara a kai. 'Ya'yan kuwa, matar cikin waya wankewa ta yi, ta gasa a kasko, ta barbaɗa a saman kek. Haka na yi, duka, ban rage ko ɗaya ba. Har ina yaba wa kaina ban yi asarar komai ba.

Abin haushin, kek ya yi kyau. Maƙwabciyata ta ci biyu tana "Ah, Alhaja!", ni kuwa kaina ya kumbura.

Da la'asar Inna ta dawo, motar haya ta danfo ta gama jijjiga ta. Na ajiye mata faranti ina washe baki. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ba ta kai baki ba. Ta sa farce ta ciro ɗan kabewa guda, ta matsa, ya ce ƙaras.

"'Yar nan, wuta ta taɓa su?"

Sai a lokacin maganarta ta faɗo min. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ruga wajen kwandon shara na zazzage ɓawo da totuwa a tsakar gida, maƙwabta na kallo, ko zan samu guda da ya maƙale. Babu. Tas na kwashe su, ni gwana.

Inna ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na samu sauƙi. Ta bi kek ɗin nan ɗaya bayan ɗaya tana tsince 'ya'yan, ta ƙulle su a bakin zaninta. Sannan ta ci rabin guda ta ce Allah ya yi albarka.

Bayan ta koma gida, da damina ta kankama, na yi ta maza na tambaye ta a waya.

Ta ce, "Na shuka, a wurin da Babanku yake shukawa. Ba su fito ba."



Sannan ta ƙara da cewa, "Ƙasar ce bana ba ta yi ba."