Man Gyaɗa a Sakatar Bindiga

Na daɗe ina ganin cewa karatun da na yi har na zama malamin makaranta ya raba ni da kayan mahaifina, musamman bindigarsa ta farauta, wadda ya riƙe da lasin yana korar birai daga gonarmu ta masara a hanyar Maska. Bayan rasuwarsa aka mayar da lasin da sunana, amma bindigar ta zauna a ɗakin mahaifiyata, Inna, ban taɓa ta ba.

Da masara ta fara goyo a wata damina, birai suka addabi gonar. Baffa, ƙanen mahaifina, ya sa aka fito da ita ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Na kama sakatarta, wato ƙarfen da ake ja baya kafin a sa harsashi, sai ta cije. Na ƙara ƙarfi, ta ɗan motsa, ta sake tsayawa.

"Malam, ta ƙi ka," in ji Baffa yana dariya. "Hannun alli daban, hannun dawa daban. A kai ta gidana, a ba ɗana."

Na kusa amincewa, domin abin da ya faɗa shi ne abin da ni ma nake faɗa wa kaina. Sai dai da na kai ta kusa da fuskata, na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai cewa man girki idan ya daɗe a iska yakan daskare ya zama danƙo.

"Baffa, a ba ni zuwa la'asar."

Na tabbatar babu harsashi a ciki, na ɗiga kananzir, na jira, na lallaɓa sakatar har ta fito. Duk jikinta ya yi kauri da wani abu mai kama da ƙaro. Ina cikin gogewa da tsumma Inna ta tsaya a kaina. Ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari.

"Kai wannan, me kake kankarewa? Duk Juma'a ina shafa mata man gyaɗa tun da ya tafi, don kada ta yi tsatsa."

Na dubi tsumman. "Shi ya sa ba ta yi tsatsa ba, Inna. Yanzu dai ta tsufa, man keken ɗinki take so."

Bayan la'asar na ja sakatar a gaban Baffa, ta tafi sumul, ta dawo da ƙara mai tsabta. Ya karɓa ya gwada da kansa, ya tambayi abin da ya same ta. Na ce datti ne kawai. Har yau ina tambayar kaina ko wannan amsa gaskiya ce cikakkiya, amma ban yi nadamarta ba.

Baffa ya miƙo mini ita da hannu biyu. Bindigar ta zauna a gidanmu, kuma duk Juma'a ni da Inna muke shafa mata man keken ɗinki.